Ni na rene su, da kuɗi suka zo aka ba wani usur

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar motsa jiki ce a wata makarantar kuɗi ta 'yan mata a Tudun Wada, Zariya. Shekara shida ke nan ina koya wa yara ƙwallon kwando bayan an tashi, ba a taɓa ƙara min ko sisi a kan albashi ba. Da yara tara da ƙwallo ɗaya na fara, yanzu sun haura talatin, bara har kofi muka ciwo a gasar makarantu. Ganin haka wani Alhaji cikin iyayen yara ya ɗauki nauyinmu, ya sayi riguna da takalma, ya ce zai riƙa biyan koci alawus duk wata. Ba a yi sati biyu ba mai makaranta ya kawo wani saurayi ya ce shi ne koci, wai yana da satifiket, kuma namiji ya fi iya tsawa. Ni kuma aka ce in riƙa kula da yara: ruwa, kaya, rakiya. A gida ma babu sauƙi. Maigidana bai hana ni ba, amma Hajiyarsa ta ce matar aure da wandon wasa tana hura usur zubar da mutunci ne, shi kuma ya fara yin shiru. Ga goyo na wata goma. Anti, in ajiye musu kayansu in huta? Yaran sun ce in na bari su ma sun bari.

Malama daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, a na biyun sai da na ajiye wayar na yi shiru, don abin da kika faɗa na taɓa ganin irinsa da idona. Bari in fara da maganar da nake jin har yau babu wanda ya gaya miki: an zalunce ki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, shi ne abin da aka yi miki, kuma duk wanda ya ce miki raki kike yi bai san zafin rana a kan siminti da ƙarfe huɗu na yamma ba.

Duk da haka kada ki ajiye. Aƙalla ba yanzu ba, kuma ba cikin fushi ba.

Lokacin da nake koyarwa a wata makarantar kwana ta 'yan mata, akwai abokiyar aikina da ke horar da 'yan gudu. Da asuba cikin hunturu, hazo ya rufe fili har ba a hango ƙarshensa, za ki same ta tsaye da agogo a hannu, ta ɗaure ƙugu da gyale, yara na zagayawa wasu ko takalmi babu. Toka take ɗebowa a kicin cikin tsohon gwangwanin madara ta zana musu layi. Ni nake raka su Kaduna idan za a yi gasa. Shekarar da yaranta suka ci gudun miƙa sanda, da aka zo rabon kyauta sai aka kira malamin da ke riƙe da ofishin wasanni, mutumin da ko sunan yarinya ɗaya bai sani ba cikin huɗun. Ya hau ya karɓa, aka ɗauki hoto. Ita tana can baya riƙe da buta da jakunkunan yara. A mota ba ta ce uffan ba har muka wuce Jaji, hawaye kawai take sharewa da bakin mayafi. Washegari ta kai agogon ofis ta ajiye. Babu wanda ya bi ta ya ba ta haƙuri. Kafin shekara biyu ciyawa ta cinye filin, iyaye suka daina sa hannu a takardar tafiya saboda matar da suka yarda da ita ba ta nan. Wanda ya karɓi kyautar bai rasa komai ba. Ita da yaran ne suka yi asara, kuma har ta yi ritaya, in aka yi zancen gudu sai ta kau da kai. Ba na so ki zama ita.

Ki sani kuma wannan ciwo ba a Tudun Wada ya fara ba. A Amurka, a 1972, lokacin da aka kafa dokar da ta tilasta wa makarantu su daina fifita maza a kan mata, har a wajen wasanni, sama da kashi 90 cikin ɗari na masu horar da ƙungiyoyin mata a jami'o'i mata ne. Da kuɗi suka shigo, aikin ya zama mai albashi da daraja, sai maza suka fara nema, adadin matan ya faɗo ƙasa da rabi. A gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa ta mata a 2023, ƙasashe 32 suka buga, 12 ne kacal mace ke jagoranta. A nan gida Eucharia Uche ta ciwo wa Super Falcons, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta Najeriya, kofin Afirka a 2010, Florence Omagbemi ta sake ciwo shi a 2016 bayan ta doke Kamaru a gidanta, amma ba ita aka bari ta ci gaba ba, a 2018 Bature aka ɗauko daga Suwidin. Muddin aiki na wahala ne ba lada, ana barin mace da shi. Ranar da ya fara kawo kuɗi, ranar ake tuna cewa wai ba ta da murya.

Maganar tsawa kuwa, ki bar ta, ba ta da tushe. Rena Wakama tana da shekara 31 aka ba ta D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata ta Najeriya, a 2023, mace ta farko da ta riƙe ƙungiyar, cikin 'yan makonni ta ɗauko kofin Afirka a Kigali. A gasar Olamfik ta Paris a 2024 ta doke Ostireliya da Kanada, ta kai Najeriya zagayen 'yan takwas, matakin da babu wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa takawa, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta ce ita ce gwarzuwar koci a ɓangaren mata. A 2025 ta ƙara ɗauko kofin a Abijan. Ke ma kofin da ke kan teburin mai makarantarku ba tsawar namiji ce ta kawo shi ba.

Yanzu ga inda zan ɗan taɓa ki, ki yi haƙuri da ni. Cikin hujjoji biyu da ya kawo, ɗaya banza ce, ɗayar kuma ta kama ki. Shekara shida kina aiki, babu takarda ko ɗaya da ta ce ke ce koci. Babu wasiƙar naɗi, babu satifiket, wataƙila ko a fam ɗin gasa sunan makaranta kawai aka rubuta. Mu mata haka aka rene mu: ki yi aiki ki yi shiru, Allah na gani. Allah na gani ƙwarai, amma Shi da kansa Ya ce a rubuta bashi, a ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani. Aikin da ba a rubuta ba, duk wanda ya zo da takarda a hannu zai iya ɗauke shi, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na san dalilin da ya sa mata da yawa ba su da wannan takarda. Kwas ɗin yana nesa, Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ake kira NIS tana can Surulere a Legas, ga kuɗin mota da masauki, ga neman izini, ga goyo. Labarin ƙananan kwasa-kwasan da ake yi kusa kuma a majalisar maza yake yawo, a gidan kallon ƙwallo da zauren WhatsApp ɗin da babu wanda ya tuna ya saka ki. Kafin ki ji an gama. Wannan ba laifinki ba ne, amma gyaransa a hannunki yake.

Kuma Allah Ya taimake ki, a Zariya kike. Garin nan ba baƙon ƙwallon kwando ba ne. A filin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Ba'amurken nan Oliver Johnson ya kwashe shekaru yana horar da yara, cikinsu har da Masai Ujiri, wanda ya tashi a nan Zariya, ya je ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors har suka ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019, gidauniyarsa ta Giants of Africa kuma tana shirya sansanin horo har da na 'yan mata. Daga Tudun Wada zuwa Samaru mota ɗaya ce ko biyu. Ki sami wata Asabar, ki roƙi maigidanki ya raka ki, ku je filin da safe. Ki gaida masu horarwa, ki ce ni ce wadda yaranta suka ci gasa bara, ina neman a riƙa sanar da ni duk kwas ɗin da za a yi. Ki karɓi lambar sakataren ƙungiyar ƙwallon kwando ta jiha. FIBA tana da kwas na koci mataki-mataki, matakin farko ba ya ɗaukar watanni, da shi za ki fara. Na Legas ki ajiye shi sai kin yaye. Ki leƙa sashen koyar da motsa jiki na tsangayar ilimi a jami'ar, akwai malamai mata, wata a cikinsu ta riga ki shan irin wannan ruwa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai zama da mai makaranta. Kada ki tare shi a baranda, kada ki je ranar da ranki ke tafasa. Ki nemi lokaci a ofis, ki tafi da wata babbar malama da yake jin nauyinta. Kafin ranar ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ki zauna ki rubuta komai: shekarar da kika fara, sunayen yara tara na farko, adadinsu kowace shekara, wasannin da kuka buga da sakamakonsu, kuɗin da kika cire daga aljihunki, har na mai facin da ke hura muku ƙwallo. Ki haɗa da hotuna. Ki fara da godiya, ki ce kin ji daɗi da makaranta ta ɗauki wasan da muhimmanci har ta ƙaro ma'aikaci. Sannan ki ajiye littafin a gabansa ki faɗi buƙatarki ba kwana-kwana: a ba ki takarda mai sa hannu da ta faɗi matsayinki, sunanki ya shiga duk fam ɗin gasa a layin koci, a raba alawus ɗin, makaranta kuma ta biya miki kuɗin kwas tunda satifiket ne ya ce ya rage. Ki nemi babban matsayin, ke koci, saurayin mataimaki. In ya ƙi, ki sauko zuwa ku biyu daidai wa daida har ki kawo takardarki. Ƙasa da haka kada ki karɓa. In ya ce "haba Malama, ai duk ɗaya ne, kowa ya san aikinki ne", ki ce to tunda duk ɗaya ne, Yallaɓai, rubutawar ba za ta yi wuya ba.

Ina kyautata zaton Alhajin nan bai san abin da aka yi da kuɗinsa ba. Aikinki ya gani ya buɗe aljihu. Ya kamata ya sani, amma ba ta hanyar ki kira shi a waya ko ki je ofishinsa ke kaɗai ba, kin san garinmu, kafin ki dawo gida an ƙulla miki wani labarin. Ki bi ta hannun matarsa, uwar yarinyar da kike horarwa. Ki je ki yi mata godiyar kaya, in ta tambayi yadda ake ciki ki faɗa mata gaskiya a taƙaice, ba tare da zagin kowa ba.

A nan ne ƙarfinki yake, kuma ina jin ke kanki ba ki auna shi ba. Uban da ya sauke 'yarsa a kan babur a bakin get ya ce "Malama, ga amana nan", ba makaranta ya ba amanar ba, ke ya ba. Yarinyar da al'ada ta zo mata tsakiyar wasa, ke za ta raɗa wa a kunne, ke za ki yafa mata hijabinki ki fitar da ita ba wanda ya lura. Ke kika san wadda ba ta karya ba ta fito, da wadda aka fara yi wa zancen aure, da wadda sai an kai ta har ƙofar gida kafin magariba. Mai makaranta ya kira wannan "kula da yara" kamar ƙaramin abu, alhali a garin nan shi ne ginshiƙin da ya riƙe ƙungiyar gaba ɗaya. Babu uban da zai bar budurwar 'yarsa ta kwana a Kaduna da koci namiji in babu macen da ya sani. Don haka, ko yaya zaman ya ƙare, sharaɗi ɗaya kada ki sassauta: ba atisaye, ba tafiya, ba kiran yarinya gefe sai da mace a wurin, kuma babu musayar lambar waya tsakanin koci da ɗaliba. Wannan kariya ce ga yaran, kariya ce ga shi saurayin ma.

Shi kuwa kada ki ɗauke shi abokin gaba. Abinci ya fito nema, aka ce masa ga aiki ya karɓa. Mai yiwuwa ya san wasu dabarun da ba ki sani ba, ki koya ba tare da jin kunya ba, shi ma dole ya koyi yaran a wurinki. In ya taɓa gwasale ki a gabansu, ki same shi bayan an tashi ki gaya masa sau ɗaya, a fili, cewa ba ki yarda da haka ba.

Yaran da suka ce in kin bari sun bari, na san maganar ta yi miki daɗi a rai, kowa zai ji daɗinta. Amma gobe ki tara su ki ce ba ki yarda ba. Rigimar manya ce, kada a ɗora musu. In suka watse saboda ke, za a ce ke kika zuga su, ki rasa gaskiyar da kike da ita, su kuma su rasa wasan. A maimakon haka ki zaɓi biyu cikin manyansu, ki fara ba su usur su riƙa jagorantar ƙanana na minti goma a farkon atisaye. Ta haka ake haifar koci mace, ba daga sama take faɗowa ba.

Na bar maganar gida a ƙarshe ne don ta fi ta makaranta nauyi a wurina. Shirun maigidanki ya fi tsawar mai makaranta ba ni tsoro. Mutum ne da aka sa a tsakiya, ga uwa ga mata, ya rasa bakin magana. Kada ki jira shirun ya zama hani. Ki sami daren da hankalinsa ke kwance, yaro ya yi barci, ki tambaye shi kai tsaye: me ke damunka a aikin nan, shigar ce, lokacin ne, ko maganar mutane? Ki saurara har ya gama. Yawanci za ki tarar abin da za a iya gyarawa ne. In shiga ce, doguwar riga har gwiwa a kan wando mai faɗi da hijabi ba ta hana kowa hura usur, ita kanta FIBA tun 2017 ta yarda 'yan wasa su rufe kai a fili, a ƙwallon ƙafa ma Nouhaila Benzina ta Maroko da hijabinta ta buga kofin duniya a 2023. In lokaci ne, ku yanka: kwana uku a sati, kina gida kafin kiran magariba, ga wadda za ta riƙe yaro. In tafiya ce, ku yi maganarta tun kafin ta zo, ba a fafe gora ranar tafiya.

Hajiya kuma uwa ce, ba a ja da ita. Na san kin san hadisin da Nana A'isha ta ba da labarin tseren da ta yi da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta tsere masa a karon farko, bayan shekaru da ta yi jiki ya tsere mata, ya ce wannan a madadin waccan. Hujja ce mai kyau, amma kada ta fito daga bakinki zuwa kunnen surukarki, za ta ji kamar kina koya mata addini. Ɗanta ne zai faɗa mata, a lokacin da ya ga ya dace. Abin da nake zato shi ne Hajiya ba ta taɓa ganin aikinki ba, labarinsa kawai take ji a gidan biki daga bakin waɗanda su ma ba su gani ba. A ranta wataƙila tana hango ki tsakiyar maza a filin ƙwallo. To ki kai mata aikin har ɗaki. Wata Juma'a da yamma ki ɗauki yara huɗu ko biyar masu natsuwa, da hijabansu, da kofin nan, da ɗan goro da turare, su durƙusa su gaishe ta, ki ce Hajiya ga jikokinki na kawo su ki sa musu albarka, za su fita gasa. Tsohuwar da aka nemi albarkarta a kan abu, da wuya ta koma tana kushe shi a gaban mutane. Ko ba ta sauko ranar ba, kin rage wa mijinki nauyi.

Ki ba wa wannan duka wa'adi, zuwa ƙarshen zangon karatun nan. In mai makaranta ya ba da takarda, alhamdu lillahi. In ya ƙi komai, ya nace sai dai ki ɗauki jarkar ruwa wani na karɓar alawus, to a lokacin kina da damar janyewa, amma a rubuce, da ladabi, ki faɗi dalili, ki riƙe aikinki na aji, ki tabbatar an sa wata malama a wurin yaran kafin ki matsa. Sannan ki ɗauki littafinki da satifiket ɗinki ki ƙwanƙwasa wata ƙofar. Makarantun 'yan mata a Zariya, daga cikin Birni zuwa Sabon Gari da Samaru, ba su da iyaka, matan da suka iya abin da kika iya kuwa ana ƙirga su da yatsu.

Littafin nan ki fara shi yau da dare, tun sunayen yara taran farko ba su fara ɓace miki ba. In kun yi zaman ki rubuto min yadda kuka ƙare, ina jira. Ki gaida maigidan, ki shafa min kan ɗana.